Ƙaramin Kabari a Kurmin Atili

Washegarin ruwan farko na bana na fito zubar da ruwan wanke-wanke, sai na ga Mama Keziya durƙushe a bayan kicin ɗinmu. Ta cusa yatsa a ƙasa, ta zaro, ta dube shi, ta goge a bakin zaninta. Ba ta gan ni ba. Kowa a gidan murna yake yi zafi ya karye. Ƙannena sun cika duk wani baho da bokiti, mahaifiyata tana cewa yau dai mutum ya yi barci. Mama Keziya kaɗai ba ta fitar da ko kwano ba. Daga ranar, kullum da safe sai ta je wurin nan ta gwada ƙasa, kuma na lura duk ranar da yatsan ya ƙara nutsewa, abincin da take ci yana raguwa.

Yayar babana ce. Babana, Malam Dickson, malamin sakandare ne a nan Kafanchan, kuma har yau idan ta shigo ɗaki sai ya miƙe ya ba ta kujera. Yakan ce da kuɗin cittarta ya yi makarantar horon malamai. Ita kuwa ba ta son zancen. Sai ta ce ba ita ba ce, citta ne, da irin Hausarta ta ƙauye da ba ta damu da namiji ko mace ba.

Tana budurwa ta auri Baba Ezekiyel Kumai, aka kai ta Kurmin Atili, wani ƙauye a gindin duwatsu, ba nisa sosai daga nan idan hanya da kyau. Uwar mijinta ta tarbe ta da kwando guda na irin citta, wanda ake kira tafin giwa, mai rawayan ciki. Daga wannan kwandon ta yi noma duk rayuwarta. Kowace shekara ta sayar, ta ware iri, ta binne shi a rami a inuwa har damina ta zo, ba ta taɓa sayen iri a kasuwa ba. Ta haifi uku. Ta farin, Hephzibah, ta rasu tun ba a yaye ta ba. Maza biyun suna Kaduna da Legas suna aikin gini. Ita ce mai kiɗan tulu a Zumuntar Mata ta majami'arsu, tana karanta Littafi Mai Tsarki a hankali da yatsa a kan layi. Da Baba Ezekiyel ya rasu aka binne shi a bayan ɗakinsa, ƙarƙashin itacen atili, yadda ake yi a wajenmu, mamaci yana kwana a gidansa.

Shekarar da cuta ta faɗa wa citta, gonaki suka yi rawaya tun kafin lokaci, aka tona aka tarar da ruɓa. Daga Kwoi har Kachia mutane kuka suke. Ita ma babbar gonarta ta tafi. Amma tana da wani ɗan fili a kan tudu da ta share sabo a shekarar, shi cutar ba ta kai ba. Abin da ta samu a wurin ba ta sayar da ko ɗaya ba. Ta sake shukawa, ta sake tonowa, ta adana. A lokacin iri mai lafiya ya zama abin sata, ana bin ramukan mutane ana kwashewa.

Bayan Sabuwar Shekara 'yan bindiga suka shiga Kurmin Atili. Ta gudu da zanin jikinta da wayarta, ta iso gidanmu ƙafafunta duk ƙaya. Sauran mutanen ƙauyen suka sauka a harabar wata majami'a a cikin gari, mata da yara a azuzuwan makarantar Lahadi, maza a ƙarƙashin rumfa. Sojoji suka je ƙauyen suka zauna a makarantar firamare, suka sa shinge a hanya, suka ce kada kowa ya koma tukuna. Da farko mutane sun yi godiya. Sai makonni suka wuce ba a buɗe hanya ba. Daga baya aka ce wasu sun ɓuya a gidajen da aka bari sun harbi sojojin, ɗaya ya mutu. Ba a daɗe ba 'yan mashin suka kawo labari cewa an kai katafila, an ture gidaje, an sare itatuwa don a riƙa ganin nesa. Ranar Mama Keziya ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi wa mai labarin, ko an taɓa kaburbura. Ya ce bai sani ba.

Ni na gama jami'a ina jiran a kira ni hidimar ƙasa, don haka ni da ita muke wuni a gida. Ba mu cika hira ba, ni ba mai yawan magana ba ce, ita ma haka. Bayan ruwa na biyu muna zaune muna tsince wake, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Edna, in mutum ya tona kabari, soja zai harbe shi?"

Na ce kabarin wa.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Sannan ta gaya mini. Da ta ga ana satar iri, sai ta haƙa raminta kusa da kabarin mijinta. Ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ta zuba cittar, ta rufe, ta tara ƙasa a kai dogo-dogo kamar kabarin yaro. Ta ce wa maƙwabta kabarin Hephzibah ne da ya baje tun da daɗewa take gyarawa, don ta yi mafarkinta. Ba wanda ya yi shakka, waɗanda suka san ainihin wurin yawancinsu sun mutu.

"Ba yaro a ciki," in ji ta. "Citta na ne. Hephzibah yana can gefen bango."

Ta ce rami irin wannan na rani ne. Ruwa ɗaya ko biyu ba komai, amma idan damina ta zauna ƙasa ta jiƙe har ciki, na sama zai tsiro, na ƙasa ya ruɓe. In ya ruɓe, shi ke nan, ba ta da wani iri a duniya, kuma ba ta da ƙarfin sayen na kasuwa wanda ba a ma san lafiyarsa ba. Sai dai ta zauna a gidan ƙaninta tana tsince wake har ta mutu. Ba da ɗaci ta faɗa ba, hannunta bai daina tsintar ba.

Na ce to mu gaya wa Fasto Meshak, faston ƙauyensu, tunda shi ke zuwa wurin sojoji yana roƙo a bar mutane su je su kwashi kayansu. Ta girgiza kai. Ashe da ta gama tara ƙasar, Fasto ya zo wucewa ya tsaya ya yi addu'a a kan kabarin, ya ta'azantar da ita. Kuma maƙwabcinta Baba Silvanus, kafinta, wanda shi ma an sace masa ɗan irin da ya rage, ya sassaƙa mata ƙaramin gicciye kyauta, ya rubuta sunan yarinyar da ƙusa mai zafi. Da wane baki za ta gaya musu? Ta roƙe ni kada babana ma ya ji.

Daga nan ni ma na shiga duban sama. Idan hadari ya haɗu ta wajen Kagoro sai in fita in tsaya ina kallonsa. Aka sake yin ruwa sau biyu, ɗaya mai ƙarfi. Ranar mai ƙarfin ta zauna a bakin gado tana sauraron kwanon rufi, ba ta taɓa shayinta ba.

A ƙarshe Fasto ya samo izini. Ranar Asabar, mota guda, a shiga da safe a fito kafin yamma. Ya karanto sharuɗɗan a majami'a: ba fartanya, ba adda, ba ɗaukar hoto, kuma ba tona ƙasa, domin an ce a wani ƙauye an samu makamai a binne. Da ya kai kan na ƙarshen na ji Mama Keziya ta ja numfashi a gefena. Babana yana da aikin sa ido a jarrabawa ranar, ya ce in bi ta in taya ta ɗaukar kaya.

Da safe na ga ta naɗe buhuna marasa komai, ta sa murfin tukunyar ƙarfe a tsakiya. Ban tambaye ta ba.

A cikin babbar motar mutane sun ɗan sake. Baba Silvanus, dogo mai furfura da baki mai kaifi, yana tsokanar matan Zumunta cewa kowace za ta ce tukunyar maƙwabciyarta tata ce. Ya ce shi ma zai dawo da akuyoyi ko da na soja ne. Wata mata mai suna Theresa kaɗai ba ta yi dariya ba. Mijinta yana cikin waɗanda aka kashe, an binne shi cikin gaggawa a bayan gidansu kafin a rufe hanya, ba ta ƙara ganin wurin ba. Tana riƙe da ɗan daurin furen roba a cinyarta.

A shinge aka sauke mu aka caje kowa. Wani soja ya zaro murfin daga cikin buhunan ya juya shi, ya tambayi Mama ina tukunyar.

"Yana gida, ɗana," ta ce. "Na gudu da murfi, na bar tukunya."

Ya yi dariya ya mayar mata. Muka koma cikin mota.

Na san Kurmin Atili tun ina ƙarama, can muke yin Kirsimati. Da motar ta tsaya ban gane inda muke ba. Ba inuwa ko ɗaya. Daga bakin hanya ana ganin dutse sarai, abin da ba a taɓa yi ba. Gidajen sun zama tudun jar ƙasa da kwanon rufi a lanƙwashe, sawun katafila ya ratsa ta tsakiyarsu. Majami'a tana tsaye ba ƙofa. Makarantar ce kawai da rai, buhunan yashi a tagogi, kayan soja a shanye a kan igiyar tuta. Mutane suka sauka suka tsaya. Wata tsohuwa ta riƙa tambayar ina gidanta, ana nuna mata, tana cewa ba nan ba ne.

Mama Keziya ba ta tsaya ba. Ta bi ta kan ɓaraguzai da saurin da ban san tana da shi ba, ina binta da buhuna. Kututturen atilin muka fara gani, fari, an yanke shi da inji. Ɗakunan sun kwanta. Amma mai katafilar ya kauce wa kaburburan, ana ganin inda sawun ya lanƙwasa ya zagaye su. Na Baba Ezekiyel yana nan da simintinsa. Ƙaramin ma yana nan da gicciyensa, sai dai ya yi kore. Tsirai masu tsini sun huda ƙasar ta ko'ina, wasu sun fara buɗe ganye.

Gidan Baba Silvanus ne a gefe, yanzu ba bango tsakani. Yana jan wani katako daga ƙarƙashin ƙasa, ya ɗago zai yi mana magana, idonsa ya sauka a kan tsiran. Duk wanda ya girma a ƙasarmu ya san ganyen citta ko daga nesa. Ya saki katakon ya matso. Ya dubi kabarin, ya dubi gicciyen da ya sassaƙa, ya dube ta.

"Keziya," ya ce a hankali, "yaushe Hephzibah ta fara noman citta?"

Ta karɓi buhunan daga hannuna. Ta durƙusa, ta zare gicciyen da hannu biyu, ta kwantar da shi a kan simintin mijinta, ta ɗauki murfin tukunya ta fara kwasar ƙasa.

Ba ta yi nisa ba aka daka tsawa daga wajen makaranta. Sojoji biyu suka taho da gudu da bindigogi a ɗage. Suka ce ta ajiye abin hannunta ta ja baya. Ba ta ja ba, sai da na kama kafaɗarta na janye ta, muka zauna a ƙasa hannuwa a sama. Mutane suka fara taruwa daga nesa. Fasto Meshak ya iso yana haki, ya ga gicciye a kwance, ya ga ƙasar da aka kwashe, ya zaci baƙin ciki ne ya taɓa mata kai. Ya fara roƙon sojojin cewa uwa ce, kabarin 'yarta ne, a yi mata haƙuri.

Shugabansu ya zo, matashi ne, idanunsa jajaye kamar bai yi barci ba, ba ya jin Hausa. Ya tambaya da Turanci me ke cikin ramin. Mama ta taɓa gwiwata. Na faɗa masa, muryata ƙasa-ƙasa har sai da ya sa na maimaita, cewa irin citta ne, ba kabari ba ne, an yi shi haka ne don ɓarayi. Fasto yana jin Turanci. Na ga ya cire tabaraunsa yana gogewa, bai dubi kowa ba.

Shugaban ya ce kowa ya ja baya, ya sa a kawo shebur, ya miƙa wa wani soja da na ga an rubuta Jamiluddeen a ƙirjinsa. Sojan ya tsaya a kan tudun ƙasar, bai sa shebur ɗin ba. Ya juyo ya yi mata magana da Hausar can arewa.

"Mama, don Allah ki gaya mini gaskiya. Babu mutum a nan?"

"Babu, ɗana. Ba ni shebur, kai za ka yanka mini citta."

Ya dubi shugabansa, shugaban ya ɗaga kai. Ta karɓa ta fara daga gefe, a kwance, kamar mai ɗebe toka daga murhu. Ciyawar da ta rufa da ita ta jiƙe ta yi baƙi. Da ta ɗaga ta wani wari ya taso, na ruɓa gauraye da yaji. Ruwa ya shiga ta gefen da atilin yake karewa a da, duk wannan gefen ya narke, tana sa hannu yana nutsewa. Ta riƙa kwasowa tana jefarwa gefe. Na sama ya yi tsiro da saiwa. Sai da ta kai tsakiya ta zaro wani babba mai yatsu, ta matsa shi da babban yatsa, ta karya. Ya yi ƙas. Cikinsa rawaya ne, tsaf. Ta kai hanci ta sansana, ta rufe ido.

Sojojin suka sa aka fitar da komai aka baza a ƙasa, suka soka ƙarfe a gindin ramin ta kowane gefe har ya daki tsandauri. Ba komai sai citta. Na zaci an gama.

Shugaban bai yi dariya ba. Ya ce wa Fasto, yana nuna ƙauyen da hannu, sun zagaye kowane kabari a nan don girmama matattu. Yanzu ga ɗaya na ƙarya, da gicciye da suna. Sauran nawa ne? Yaransa suna kwana a tsakiyarsu. Dole ya sanar da na sama, kuma mai yiwuwa a ce a buɗe duk sababbin kaburbura a duba.

Waɗanda suka ji suka fassara wa waɗanda ba su ji ba. Na ga maganar tana tafiya daga fuska zuwa fuska. Sababbin kaburbura a Kurmin Atili na waɗanda aka kashe ne. Theresa ta ratso mutane, furen robar har yanzu a hannunta, ta tsaya a gaban Mama Keziya.

"Saboda citta, Mama?" ta ce. "Za a tono mini shi saboda citta?"

Mama ta rarrafa ta durƙusa a gaban shugaban, ta ce in gaya masa ita kaɗai ce ta yi, ba wanda ya sani, ko fasto, in akwai hukunci a yi mata. Na faɗa. Baba Silvanus ya ce a ƙara masa da cewa duk gicciyen da ke ƙauyen nan shi ya sassaƙa, ya san wanda ke ƙarƙashin kowanne, da hannunsa aka sa su a ƙasa. Shugaban ya nuna wanda ke kwance a kan siminti ya tambaya ko wannan ma shi ya yi. Baba Silvanus ya sunkuyar da kai.

Fasto ya mayar da tabaraunsa, ya ja shugaban gefe, suka daɗe suna magana. Abin da ya dawo da shi kaɗan ne. Ba za a taɓa komai ba sai shi Fasto ya dawo ranar Litinin da dagaci da dattawa an zauna, amma hukuncin ba a hannun wannan matashin shugaban yake ba. Cittar kuma an ce ta kwashe kayanta. Fasto bai yi wa Mama faɗa ba. Ya ce mata kawai, "Mama, da kin gaya mini," ya wuce wurin Theresa.

Muka cika buhuna mu biyu, ba wanda ya taya mu. Wanda ya tsira bai kai rabin abin da ta binne ba. Da muka ɗaure bakin na ƙarshe, ta ɗauki gicciyen ta nufi inda bangon baya ya kwanta. Ta tsaya tana duban kututturen atili da kabarin mijinta, ta matsa kaɗan, ta fara ɗauke ɓaraguzai da hannu. Na gane wurin Hephzibah ne na gaske. Ba tudu, ba alama, ƙasa ce kawai a shafe. Ta yi ƙoƙarin kafa gicciyen, ƙasar ta yi tauri ya ƙi shiga. Ta dubi wajen sojojin, ta ji tsoron ko da yaƙusar ƙasar. Baba Silvanus ya zo da dutse, ya karɓi gicciyen daga hannunta, ya buga shi har ya tsaya, ya gyara shi da ido yadda kafinta ke yi. Ya jefar da dutsen ya koma kan katakonsa.

A hanyar dawowa ba a yi waƙa ba. Mutane sun samu abin da suka samu, turmi, ƙofar ƙarfe, tukwane a lotse, keken ɗinki da ya ƙone. Aka bar mana fili a kusurwa mu da buhunanmu, duk da matsin da ake ciki. Ƙamshin citta ya cika motar, ba yadda za a ɓoye shi. Mama ta sunkuyar da kai har Kafanchan. Hadari yana haɗuwa a bayanmu.

A ƙofar majami'a ta gai da Theresa, Theresa ta kau da kai ta wuce. Ina neman keken haya mai ƙafa uku da zai kai mu gida sai Baba Silvanus ya zo ya tsaya kusa da buhunan, yana duban titi. Ya ce surukinsa a Madakiya yana da fili da ba a taɓa sa wa citta ba, zai yi masa magana gobe bayan sujada. Ya ce kada ta ɗauka don ita ne, shi har yanzu bai gama da ita ba, kuma kuɗin gicciyensa yana nan. Don irin ne. In ya yi kyau, baɗi kowa a ƙauyen zai buƙata.

"In za su karɓa daga hannuna," in ji ta.

"Wannan sai bayan Litinin," ya ce.

A gida babana ya ga buhuna ya fara murna, ya ga fuskarta murnar ta koma ciki. Ita da kanta ta gaya masa komai a tsaye, a taƙaice. Ya zauna ya dafe kai, sannan ya ce zai nemi izini a makaranta ya bi Fasto ranar Litinin. Mahaifiyata ta kawo tuwo, Mama ta ce a rufe mata. Ta tambaye ni ko waɗanda suka yi karatu sun san wani inji da ke ganin ƙarfe a ƙasa ba tare da an tona ba. Na ce akwai, amma ban san ko waɗannan sojojin suna da shi ba. Ta ce in gaya wa babana ya tambaya. Ta sake cewa in tuna masa.

Ruwa ya fara sauka kafin rana ta faɗi. Ta ja buhunan zuwa baranda, ta shimfiɗa tsohuwar tabarma, ta zazzage ɗaya. Ta zauna ta miƙe ƙafa, tana ɗaukar cittar ɗaya-ɗaya tana matsawa, mai laushi ta jefa a bokiti, mai tauri ta karya shi gutsu-gutsu, kowane gutsure da idonsa na tsiro, tana tarawa a gefen damanta.